Kuɗin Makaranta Daga Aljihun Wa? Ilimi, Jam'iyya da Harajin Masu Hannu da Shuni

A 1968 wasu iyaye daga gundumar Edgewood a birnin San Antonio na jihar Texas, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Demetrio Rodriguez, suka kai ƙara kotu. Kokensu ba shi da wuyar ganewa. A Amurka, kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, kuma abin da kowace gunduma ta tara, a kan 'ya'yanta take kashe shi. Mutanen Edgewood talakawa ne, akasarinsu 'yan asalin Meziko, gidajensu kuma ba su da wata daraja a kasuwa. Sun ɗora wa kansu haraji mai nauyi, dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da wannan ya samar wa kowane yaro a shekara dala 26 ne kacal. Can kuma a Alamo Heights, unguwar masu hali a cikin birni guda, santi 85 suke biya a kan dala 100, amma kowane yaro na samun dala 333. Ko bayan gwamnatin jiha da ta tarayya sun zuba nasu, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, na Alamo Heights da 594.

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai lamunce wa kowa ilimi a matsayin haƙƙi ba, don haka tsarin Texas bai saɓa doka ba. Daga nan shari'o'in suka koma kotunan jihohi ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau wasu ba su mutu ba.

Abin da ke cikin wannan labari shi ne abin da hayaniyar siyasa take binnewa. Talaka ya fi biya idan aka auna da ƙarfinsa, ɗansa kuma ya fi samun kaɗan, alhali babu wanda ya saci ko sisi, babu wanda ya karya doka. Tsarin ne aka gina haka. Duk wanda zai yi maganar adalci a haraji da ilimi, daga tsari ya kamata ya fara, amma abin takaici yawancin masu muhawarar daga tutar jam'iyya suke farawa.

Ba kullum haka abin yake ba. A ƙarshen 2001 majalisar dokokin Amurka ta amince da babbar dokar ilimi ta Shugaba George W. Bush, ɗan Rifablikan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya mata tsayin daka shi ne Sanata Edward Kennedy, jigo a Dimokrat. Sanatoci 87 suka goyi baya, 10 suka ƙi. Dokar ta zo da matsalolinta, musamman yadda ta mayar da makarantu masu bautar jarrabawa, kuma a 2015 aka maye gurbinta da wata a zamanin Barack Obama, ita ma da hannun jam'iyyun biyu. Shekaru goma bayan haka, a watan Maris na 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin fara rusa ma'aikatar ilimi ta tarayya, wadda Shugaba Jimmy Carter ya kafa da dokar 1979. Yau da wuya ka tara sanatoci 87 a kan wani abu da ya shafi makaranta. Ana ta fafatawa a kan littafin da za a cire daga ɗakin karatu, da yadda za a koyar da tarihin bauta, da wanda ya rufe makarantu lokacin annobar korona ya daɗe bai buɗe ba. Waɗannan batutuwa suna da nauyinsu, ban raina su ba. Sai dai suna da wata siffa da ɗan siyasa ke so: suna tada jijiyar wuya, suna kawo ƙuri'a, kuma ba sa buƙatar ya faɗi inda zai samo albashin malamin lissafi. Gwamnatin tarayyar da ake wannan kokawa a kanta ma, abin da take bayarwa a kuɗin makarantun firamare da sakandare bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran duk daga jihohi da gundumomi ne, inda idon 'yan jarida bai cika kaiwa ba.

Kowane ɓangare yana da jimlarsa da ya haddace. Masu ra'ayin riƙau suna cewa matsalar makaranta ba ta kuɗi ba ce, an zuba an zuba ba a ga komai ba, kuma idan ka matsa wa attajiri zai kwashe jarinsa ya bar maka gari. Masu ra'ayin sauyi suna cewa a sa masu kuɗi su biya rabonsu na adalci, komai zai gyaru. Kowace jimla tana da gaskiya a cikinta, kuma kowace tana ɓoye wani abu da masu ita ba sa son a tono.

Masu cewa kuɗi ba ya gyara makaranta ba daga sama suka ɗauko maganar ba. Rahoton masanin zamantakewa James Coleman na 1966 ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa, kuma masanin tattalin arziki Eric Hanushek ya shafe shekaru yana nuna cewa ƙarin kuɗi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarin koyo. Suna kuma da misalin da suke yawan ambata, birnin Kansas City na jihar Missouri, inda daga tsakiyar shekarun 1980 wani alƙali ya tilasta kashe kuɗi kusan dala biliyan 2 a kan makarantu. An gina sababbin gine-gine, har da katafaren wurin ninƙaya da ɗakin kallon taurari, amma sakamakon yara bai taka kara ya karya ba. Wannan ya faru, kuma duk mai son a ƙara wa ilimi kuɗi dole ya kalle shi ido da ido.

Sai dai binciken baya-bayan nan ya sauya hoton. A 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico suka wallafa nazarin da ya bi rayuwar yaran da kotunan jihohi suka tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi, tun suna aji har suka girma. Suka gano cewa ɗan talakan da aka ƙara wa makarantarsa kashi 10 cikin 100 tsawon shekaru 12 na karatunsa ya fi daɗewa a makaranta, ya fi samun albashi da ya girma, kuma ya fi kuɓuta daga talauci. Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin, da kuma inda kuɗin ya shiga: rage cunkoson aji, da albashin da zai riƙe malami nagari. Kuɗin da ya zo bana ya ɗauke baɗi ba ya yin wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro ba ya dakatar da girma don jiran zaɓe mai zuwa. Karatunsa shekara 12 ne, wa'adin gwamna 4. A nan ne, a ganina, ɓarnar ɓangaranci ta fi muni: yaro guda zai iya ratsa gwamnatoci uku kafin ya gama sakandare, kowace tana rushe abin da ta tarar don kawai ba nata ba ne.

Jihar Kansas ta gwada ɗaya ɓangaren har ƙarshensa. A 2012 Gwamna Sam Brownback ya rage harajin kuɗin shiga sosai, ya kuma yafe haraji gaba ɗaya a kan ribar wasu nau'o'in kasuwanci da ke shiga aljihun mai su kai tsaye. Alƙawarin shi ne tattalin arziki zai bunƙasa har ya cike giɓin. Bai cike ba. Asusun jiha ya rame, aka riƙa kwasar kuɗin gyaran hanyoyi ana toshe ramuka, a 2015 wasu gundumomi suka rufe makarantu kafin ƙarshen zango don babu kuɗi, kuma a 2017 kotun ƙolin jihar ta ce abin da ake bai wa makarantu bai kai yadda tsarin mulkin jihar ya tanada ba. A watan Yuni na 2017 ɗin majalisar jihar ta soke mafi yawan rangwamen. Gwamna ya hau kujerar naƙi, majalisa ta tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Majalisar nan kuwa 'yan Rifablikan ne suka fi yawa a cikinta, wato 'yan jam'iyyarsa. Shekara guda bayan haka malamai suka fita yajin aiki a West Virginia da Oklahoma da Arizona, duk jihohin da jam'iyyar ke mulki. A Oklahoma har ta kai gundumomi da dama sun koma karatun kwana huɗu a mako, malamai suna tsallakawa Texas neman albashi mai gwaɓi. Iyayen da suka fito suka mara wa malaman baya, da yawansu Rifablikan suke zaɓa. Da rufin ajin ɗanka ya fara yoyo, ba ka tambayar jam'iyyar mai gyara.

To, a ina za a samo kuɗin? Nan ne gizo ke saƙar, domin kalmar "adalci" kowa da yadda yake auna ta. Mai kare attajirai zai ce maka kashi 1 cikin 100 na masu samun kuɗi mafi yawa a Amurka su ke biyan kusan kashi 40 na harajin kuɗin shiga na tarayya, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne harajin tarayya ba shi ne ke riƙe makarantu ba. Jihohi da gundumomi sun dogara ƙwarai da harajin saye da sayarwa da na gidaje, waɗanda suka fi cin talaka, domin mai ƙaramin albashi kusan duk abin da ya samu kashewa yake yi, kuma kowace kashewa da harajinta. Attajiri kuwa ɗan kaɗan daga samunsa yake kashewa, sauran yana ajiye yana haihuwa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, kuma shi ne na fi son mai karatu ya riƙe. Masu kuɗi iri biyu ne a idon dokar haraji. Akwai babban likita ko lauya mai albashi mai tsoka. Shi ana yanke masa tun kafin kuɗin ya iso hannunsa, kuma a Amurka mafi girman kason ya kai 37 cikin 100. Akwai kuma wanda arzikinsa hannun jari ne da kadarori. Idan hannun jarinsa ya ƙaru da dala biliyan ɗaya a shekara, doka ba ta ɗauki wannan a matsayin samu ba muddin bai sayar ba. Idan ya sayar bayan ya riƙe fiye da shekara, kason da zai biya kashi 20 ne da ɗan ƙari, ƙasa da na mai albashi. Sau da yawa ma ba ya sayarwa. Sai ya jinginar da hannun jarin a banki ya karɓi bashi ya yi hidimarsa, bashi kuwa ba a biya masa haraji. Ranar da ya rasu, doka ta ɗauki darajar kadarar a wannan rana a matsayin sabon farashin da magada suka same ta, sai duk ribar da ta taru tsawon rayuwarsa ta wuce ba tare da harajin riba ya taɓa ta ba. Akwai harajin gado, amma sai dukiya ta haura miliyoyin daloli masu yawa yake farawa, kuma akwai ƙwararru da sana'arsu ke nan, nemo hanyar zille masa. Hamshaƙin attajirin Amurka Warren Buffett, wanda ba za a zarge shi da ƙin jari-hujja ba, ya rubuta a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya a 2010, alhali ma'aikata 20 na ofishinsa sun biya tsakanin 33 da 41.

Saboda haka idan ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce zai ƙara wa masu kuɗi haraji, tambayar da ta dace ita ce: waɗanne masu kuɗin, kuma a kan wane irin samu? Ƙara kaso a kan albashi yana kama likita, ya bar mai biliyoyi yana wucewa. A shekarun 1950 kason ƙoli a Amurka ya kai 91 cikin 100, kuma masu son sauyi suna yawan tuna wannan da kewa, amma ƙalilan ne suka taɓa biyan hakan saboda ƙofofin zillewa sun yi yawa.

Masu gargaɗin cewa attajirai za su gudu su ma ba ƙarya suke yi ɗungurungum ba. A 1990 ƙasashe 12 na ƙungiyar OECD, wadda akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, suna karɓar haraji a kan tarin dukiya duk shekara. Zuwa 2017 saura 4. Faransa ta soke nata a 2018 ta bar shi a kan gidaje da filaye kawai. Da Norway ta ɗaga nata a 2022, wasu manyan attajiranta, ciki har da Kjell Inge Røkke, suka koma Suwizalan. Kimanta darajar kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari aiki ne mai wuya, kuma dukiyar da ke cikin kwamfuta ta fi gida sauƙin tsallake iyaka. Wannan ne ya sa Brazil, da take shugabancin ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a 2024, ta gabatar da shawarar masanin tattalin arziki Gabriel Zucman ta mafi ƙarancin haraji na kashi 2 a kan dukiyar masu biliyoyi a duniya baki ɗaya, don kada a sami mafaka. Shawarar ba ta zama doka ba. Amma a ɗaya hannun, binciken Cristobal Young da Charles Varner a kan jihar New Jersey, wadda ta ƙara haraji a kan manyan masu samu a 2004, ya nuna cewa waɗanda suka ƙaura saboda shi kaɗan ne ƙwarai. Mai kuɗi ma yana da iyali, da abokan hulɗa, da kasuwancin da ya kafu a wuri guda. Gudun yana faruwa, amma girmansa ya danganta da irin harajin da yadda aka tsara shi, kuma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Jihohi biyu sun gwada ɗaure harajin attajirai kai tsaye da makaranta. A 2020 masu zaɓe a Arizona suka amince da ƙarin kashi 3.5 a kan manyan masu samu don albashin malamai, amma majalisar jihar ta yi ta neman hanyar kassara shi, kotu kuma ta soke shi a 2022. A Massachusetts kuwa, a Nuwamban 2022, ƙuri'ar raba gardama ta amince da ƙarin kashi 4 a kan duk abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 1 a shekara, aka rubuta a tsarin mulkin jihar cewa na ilimi ne da sufuri. A cikakkiyar shekararsa ta farko ya tara sama da dala biliyan 2, fiye da hasashen da aka yi, kuma daga ciki ake ciyar da ɗalibai kyauta a makarantun gwamnati. Ina ganin wannan mataki ne mai kyau, amma da sharaɗi biyu da masu murna ba sa son ji. Na farko, samun attajirai yana hawa da sauka tare da kasuwar hannun jari, don haka albashin malami da aka rataya a kansa zai girgiza ranar da kasuwa ta faɗi, sai fa in an ware wani abu a asusun ko-ta-kwana. Na biyu, kuɗi ba shi da tambari a goshi. Jihohin Amurka da dama sun halatta cacar gwamnati da sunan tallafa wa ilimi, sai majalisu suka riƙa janye kwatankwacin abin da cacar ta kawo daga kason da makarantu suke samu tun asali. An ba ka da hannun dama, an karɓe da hagu. Dokar da ta ce "wannan na makaranta ne" ba ta wadatar ba sai ta haɗa da cewa tsohon kason ba zai ragu ba.

Masu ra'ayin sauyi kuma suna da nasu abin da suke kau da kai daga gare shi. Jihar Mississippi na cikin mafi talauci a Amurka, Rifablikan ke mulkinta, kuma a 2013 tana kusan ta ƙarshe a iya karatun 'yan aji huɗu. A 2013 ɗin ta kafa doka a kan koyar da karatu: aka sake horar da malamai a kan koyar da yara haɗa sauti da baƙi, aka tura masu taimaka musu zuwa makarantun da suka fi rauni, aka riƙa gwada yara da wuri don a gano wanda ke baya. Zuwa 2019 ta hau tsakiyar jerin jihohi, ta kuma ci gaba da hawa bayan nan. Ana jayayya a kan wani ɓangare na dokar, wato maimaita wa yaro aji uku idan bai iya karatu ba, kuma jayayyar tana da tushe. Amma an daɗe wasu suna ƙin ko kallon abin da aka yi a can saboda launin jam'iyyar da ta yi shi, kamar yadda wasu suke ƙin kallon Massachusetts saboda dalili iri ɗaya. Aikin Mississippi ma da kuɗi aka yi shi, domin horar da malami ba kyauta ba ne. Bambancin shi ne an san abin da ake saya da kuɗin.

Akwai wani abu da ba ya fitowa a lissafin kasafi, amma yana ƙarƙashin komai. Idan masu hali suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar gwamnati, ba kuɗinsu kaɗai makarantar ta rasa ba, ta rasa muryarsu. Uban da zai iya kiran ɗan majalisa a waya ya ɗauka, shi ne ba ya nan ranar taron iyaye da malamai. Daga nan harajin ilimi ya zame masa kuɗin da yake biya wa 'ya'yan wasu, kuma mutum ya fi ƙyashin irin wannan. Shi ya sa rigimar takardar tallafi, wadda gwamnati ke bai wa iyaye su kai ɗansu makarantar kuɗi, take da zafi haka. Uwar da makarantar unguwarsu ta lalace tana da hujja mai ƙarfi idan ta ce ɗanta ba zai jira gyaran shekara goma ba, kuma ban ga wanda ya isa ya ce mata ta yi haƙuri ba. Amma da Arizona ta buɗe irin wannan tallafi ga kowa a 2022, yawancin waɗanda suka fara karɓa 'ya'yansu dama ba sa makarantar gwamnati, wato asusun jama'a ya koma biyan abin da masu hali suke biya da kansu. Chile ta bi wannan hanya tun 1981, ta ƙare da makarantun da suka rabu gida-gida bisa ƙarfin aljihu, har ɗalibai suka cika tituna a 2006 da 2011, kuma a 2014 gwamnatin Michelle Bachelet ta ƙara haraji musamman don gyaran ilimi. Birtaniya ta ɗauki akasin haka: daga Janairun 2025 ta ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, da alƙawarin ɗaukar sababbin malamai 6,500 a makarantun gwamnati. 'Yan adawa sun kira shi harajin hassada, gwamnati ta kira shi gyaran rashin adalci, kuma hukuncin gaskiya sai an ga malaman a cikin aji.

Ni dai ra'ayina a fili yake: mai dukiya mai yawa ya kamata ya biya fiye da yadda yake biya a yanzu, domin kamfaninsa da ma'aikatan da makarantar gwamnati ta koya wa karatu yake tafiya, kuma kwangilarsa kotun da jama'a ke biya ce take kare ta. Amma wurin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙofar da ribar kadara take fita ba haraji ranar gado, da tazarar da ke tsakanin harajin gumi da harajin jari, sannan a raba abin da aka tara ta yadda gundumar da ta fi talauci za ta fi samu ga kowane yaro. Gwamnatin Joe Biden ta gabatar da shawarar toshe ƙofar gadon nan a 2021, lokacin da jam'iyyarsa ke riƙe da majalisun biyu. Shawarar ba ta ko fita daga kwamitin majalisar wakilai ba, kuma cikin waɗanda suka ja mata birki har da 'yan Dimokrat daga yankunan manoma, waɗanda suka ji tsoron abin da za ta yi wa gonakin gado, duk da cewa an tanadi sassauci ga gonar da iyali suka ci gaba da nomawa.